Mazarƙwaila Marar Suna

A ƙasar Faransa akwai manomi mai gonar inabi da ba ta wuce kadada biyar ko shida ba. Shi ke sassabe itatuwansa a lokacin sanyi, shi ke tsinke 'ya'yan idan sun nuna, shi ke matsewa, ya tsima, ya ɗura a kwalba a cikin gidansa. Idan kwalbar ta isa Landan ko Tokiyo, takan isa ne ɗauke da sunan ƙauyensu, da shekarar da aka tsinki inabin, da sunan manomin kansa. Duk wanda ya rubuta sunan wannan ƙauye a jikin abin da ba a can aka yi shi ba, kotu ce za ta raba su. A Ɗandamisa ta ƙasar Maƙarfi kuwa akwai manomi mai fadamar rake, wanda shi ma ya shuka, ya yi ban-ruwa, ya sare, ya matse, ya dafa, ya zuba a kwano. Amma daga ranar da mazarƙwailarsa ta hau mota, ta rabu da shi har abada. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi sunanta mazarƙwaila kawai, ba a tambayar garinsu, ba a tambayar hannun da ya dafa ta. Mai kyau da marar kyau buhu ɗaya suke shiga, kuɗi ɗaya ake biya. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, wannan rashin suna ba ƙaddara ba ce, sakaci ne, kuma akwai masu alhakinsa.

Na san tun kafin a kai ƙarshen sakin layin farko wani ya ɓata rai, yana cewa ina ruwan Musulmi da kwalbar giya. Tambayar tana bisa hanya, kuma amsarta gajeriya ce. Giya haramun ce, ba na tallarta, ba na kuma roƙon kowa ya shuka inabi don a tsima. Abin da nake dubawa shi ne yadda wata al'umma ta tsare guminta daga maha'inta. Idan mutanen da sana'arsu ba ta halatta a wurinmu ba sun iya kafa dokar hana algus, suka tsaya a kanta fiye da shekara ɗari, to kunyar tana kanmu, mu da muka gaji littattafan hisba, muka kuma haddace labarin tsibin abincin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙarƙashin busasshe. Ko a gidan giya akwai babba, in ji masu iya magana. Wanda kuma har yanzu kalmar ke ci masa rai, sai ya sani irin dokar da ta kare giyar Bordo ita ce ta kare cukun Roquefort tun 1925, ta kuma kare kazar yankin Bresse tun 1957. Babu mai cewa kaza haramun ce.

Mutane da yawa suna zaton Faransawa sun tashi ne sun tarar da wannan tsari, kamar yadda ake tarar da kogi. Da jini aka same shi. Daga shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya shigo daga Amurka, ya riƙa cin saiwar inabi har ya kusa share gonakin ƙasar. Da amfanin gona ya yi ƙaranci, sai 'yan kasuwa suka koyi haɗa abin sha da busasshen inabi da ruwa da sukari da launi, suna sayarwa da sunan giyar gona. Bayan manoma sun farfaɗo, ta hanyar ɗaura irin inabinsu a kan saiwar na Amurka wadda ƙwaron ba ya kashewa, sai suka tarar kasuwa ta cika maƙil, farashi ya faɗi ƙasa da kuɗin noma. Ranar 11 ga Maris 1907 mutum 87 suka tashi daga ƙauyen Argeliers a yankin Languedoc, ƙarƙashin jagorancin wani manomi mai ɗan gidan shayi, Marcelin Albert, suka taka zuwa Narbonne don kai kuka. Kowace Lahadi taron na ƙaruwa. Ranar 9 ga Yuni sama da mutum dubu ɗari biyar suka cika birnin Montpellier. Magadan gari suka ajiye muƙamansu, jama'a suka ƙi biyan haraji. Firayim Minista Clemenceau ya tura soja, aka buɗe wuta a Narbonne, aka kashe mutane. Sojojin runduna ta 17, waɗanda 'ya'yan yankin ne, suka yi bore suka koma ɓangaren iyayensu. Kafin watan ya ƙare majalisa ta zartar da dokar 29 ga Yuni, wadda ta tilasta wa kowane manomi bayyana yawan abin da ya girba, ta kuma ƙuntata zuba ruwa da sukari. Abin dariya a nan, abokin gabar ƙaramin manomin Faransa a waccan shekara shi ne dai abokin gabar mai mazarƙwaila a yau: farin sukarin masana'anta mai araha.

Shekara huɗu bayan haka, a 1911, manoman yankin Shamfen suka ƙona gidaje da rumbunan 'yan kasuwa a garin Aÿ, saboda ana kwaso inabi daga wasu yankuna ana sayarwa da sunan nasu. Sai a ranar 30 ga Yuli 1935 aka kafa hukumar da a yau ake kira INAO, mai kula da sunayen asali na kayan gona, kuma a 1936 aka fitar da rukunin farko na sunaye masu kariya, ciki har da Châteauneuf-du-Pape. Abin lura shi ne inda ƙa'idojin suka fito. Manoman Châteauneuf ne da kansu, tun a shekarun 1920, suka zauna suka shata iyakar ƙasar da ta cancanci sunan, suka ƙayyade irin inabin da za a shuka, suka yarda a riƙa ware ruɓaɓɓe daga mai kyau. Gwamnati ta zo ne daga baya ta sa hatimi. Har yau haka abin yake: kowane suna yana da kundin sharuɗɗansa, mai faɗin iyakar yanki, da iri, da iyakar abin da za a girba a kadada ɗaya, da yadda za a sarrafa. A Shamfen ba a yarda a tsinki inabi da inji ba, sai da hannu. Ƙananan masu sana'ar kuma suna da ƙungiyarsu ta manoma masu zaman kansu, mai tambarin mutum ɗauke da ganga a kafaɗa, wanda ke shaida wa mai saye cewa hannu ɗaya ne ya yi aikin tun daga gona har kwalba.

To, mu dawo gida. Wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar rani ba ya bukatar a gaya masa cewa Maƙarfi da Kudan da Hunƙuyi da Ikara ƙasar rake ce. Damin rake a bakin hanya, da motocin da ke lodi a kasuwar Maƙarfi, da hayaƙin da ke tashi daga bakin fadamu, sun ishe shi shaida. Sana'ar dafa mazarƙwaila a nan tana da tarihin da ya haura shekara ɗari, kuma tushenta yana cikin ƙaramar hukumar Maƙarfi ɗin kanta. A Gimi, wadda ke kan layin dogon da ya isa Kano a 1911, 'yan mishan na CMS suka zaunar da wasu iyalan Isawa wajen 1914, ƙarƙashin kulawar wani fasto ɗan tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson. A wannan zama ne matse rake da injin ƙarfe ya kafu. Ciwon barci ya tarwatsa mazaunin cikin 'yan shekaru, amma sana'ar ba ta mutu ba. Manoman ƙasar Zazzau suka karɓe ta, suka ɗaura wa injin doki yana zagayawa, suka mayar da ita tasu. Yau injin mai shan man dizal ya maye gurbin dokin a wurare da yawa, sauran aikin kuwa yana nan yadda yake, a hannu da ido.

Ya kamata a tsaya a kan wannan aiki, domin masu raina shi yawancinsu ba su taɓa kallonsa ba. Rake ba ya jira. Da zarar an sare shi zaƙinsa ya fara lalacewa, kuma ruwan da aka matse idan ya daɗe a ajiye sai ya yi tsami, ya ƙi daskarewa ko an dafa. Don haka dole murhu ya kasance kusa da gona, dole sara da matsa da dahuwa su bi juna ba hutu. Ana tace ruwan, a zuba a babban kasko, a hura wuta da busasshiyar tuƙar raken da aka riga aka matse, wato sana'ar tana ciyar da murhunta da sharar kanta. Yayin da ruwan ke tafasa datti na tasowa cikin kumfa, mai dahuwa yana kwashewa; gwargwadon haƙurinsa a wannan mataki, gwargwadon hasken abin da zai samu. Sa'an nan ruwan ya yi ta ƙonewa yana kauri, har ya kai wani matsayi da masana ke aunawa da ma'aunin zafi, wajen digiri 118. Mai dahuwar Ɗandamisa ba shi da ma'auni. Yana gane lokacin ne daga yadda tafasar ta sauya murya, da yadda ɗigon ke sauka daga ludayi, da yadda yake dunƙulewa idan an jefa shi a ruwan sanyi. Ya yi gaggawar saukewa, ta yi laushi ta narke a buhu. Ya yi jinkiri kaɗan, ta ƙone ta yi ɗaci. Daga rake mai nauyin kilo ɗari, abin da ke fita bai cika wuce kilo goma ba, don haka kuskuren minti biyu asarar yini ce. A Faransa mutum mai irin wannan ido ana buga sunansa a mujalla, baƙi su yi tattaki don su gaisa da shi. A wurinmu sunansa lebura.

Haka kuma ba duk mazarƙwaila ce ɗaya ba, kuma matan da ke haɗa nakiya da alkaki na gara sun fi kowa sanin haka. Akwai mai haske mai gari-gari a baki, akwai baƙa mai danƙo, akwai wadda ake jin ɗan gishiri a ƙarshenta. Bambancin yana fitowa daga irin raken, da ƙasar fadamar, da yawan takin da aka zuba, da ko an bar raken ya ƙosa kafin a sare. Wannan shi ne ainihin abin da Faransawa suka gina dukiya a kansa, wato cewa ƙasa tana da ɗanɗano, kuma ana iya sayar da ɗanɗanon wuri da sunan wurin. Mu ma mun san haka, a baki. Bahaushe ya daɗe yana cewa albasar Galmi, da cittar Kachiya, da rawani ɗan Kura. Abin da muka kasa shi ne mayar da maganar baki ta zama haƙƙin da za a iya kai ƙara a kansa.

Laifi na farko na masu tsara manufa ne. Tun samun 'yancin kai, idan gwamnatin Nijeriya ta ce sukari, to farin sukari take nufi, idan ta ce masana'anta, to katafaren gini mai dogon bututun hayaƙi take nufi. An gina Bacita a farkon shekarun 1960, aka kafa Savannah a Numan a shekarun 1970, dukansu suka durƙushe a hannun gwamnati har aka sayar. A 1993 aka kafa Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa. A 2012 aka amince da babban tsarin sukari, wanda ya yi alkawarin ƙasa za ta wadatu da abin da take nomawa, kimanin tan miliyan 1.7 a shekara, cikin shekara goma. Wa'adin ya zo ya wuce, kuma har yanzu fiye da kashi casa'in cikin ɗari na sukarin da muke sha ɗanye ake shigo da shi, yawanci daga Birazil, a tace shi a matatun bakin teku. Ban ce kamfanonin da suka zuba jari a Numan da Sunti ba su yi komai ba. Abin da nake tambaya shi ne, a cikin duk rangwamen haraji da rabon izinin shigo da kaya da aka yi cikin waɗannan shekaru, mene ne ya isa murhun Ɗandamisa? Ga mutanen da ke yin zaƙi daga raken ƙasar nan zalla, ba su taɓa neman dala ɗaya daga Babban Banki ba, amma a lissafin manufa kamar babu su. Sawun giwa ya taka na raƙumi.

Jihar Kaduna ma irin wannan mafarkin ta yi. An kafa masana'antar tumatir a Ikara a farkon shekarun 1980, an yi kamfanin sukari a Maƙarfi, an yi na citta a Kachiya, kuma kowanne ya ɗanɗana dogon zama a rufe. A duk tsawon shekarun da ƙofofinsu ke garƙame, murhun bakin fadama bai taɓa fashin shekara ba. Mai hankali zai tambayi kansa wanne ne a cikin biyun ya tabbatar da cewa zai iya rayuwa.

Masanin tattalin arziki zai ce ina kukan abin da zamani ya wuce. Zai ce injin ƙauye yana barin zaƙi mai yawa a cikin tuƙa, babbar masana'anta kuwa tana tatse shi kusan tas. Zai ce mutum miliyan ɗari biyu ba za su sha shayi da mazarƙwaila ba, kamfanonin lemo da biskit ma ba za su yi aiki da ita ba. Duk gaskiya ne, kuma duk ba su taɓa hujjata ba. Manomin Burgundi mai kadada biyar bai taɓa ƙoƙarin yin gasar araha da kamfanin da ke cika tankoki ba; da ya gwada da tuni ya mutu. Ya rayu ne saboda ya sayar da abin da tanki ba zai iya bayarwa ba. Mazarƙwaila ma ba gurguwar 'yar'uwar farin sukari ba ce da ke jiran a tace ta. Wani abu ne daban, mai ƙamshinsa da launinsa da wuraren da babu mai maye gurbinsa. Ƙasashen da suka gane haka ba ƙauyawa ba ne. Indiya, wadda ke cikin manyan masu yin farin sukari a duniya, ita ce kuma ta fi kowa yin mazarƙwaila, ta kuma yi wa ta Kolhapur da ta Marayoor rajistar sunan wuri ƙarƙashin dokarta ta 1999. Kolambiya, mai bi mata, ta yi doka a 1990 wadda ta haramta narka farin sukari a ƙera shi a sayar da sunan mazarƙwailarsu da suke kira panela, domin kada mai tukunya a birni ya kashe dubban masu murhu a ƙauye. A Nijeriya, idan gobe wani ya narka sukarin buhu ya sa masa launi ya zuba a kwano ya ce daga Maƙarfi take, wace takarda ɗan Maƙarfi zai ɗauka ya tafi kotu?

Mun taɓa yin irin wannan asara, kuma babba. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majeman Kano da Sakkwato suka jeme suka rina, ta ƙetare Sahara ƙarni bayan ƙarni, ta isa Turai ta hannun fataken Arewacin Afirka. Turawa suka rufe littattafansu masu daraja da ita, suka kira ta fatar Maroko. Akuyar tamu, majemin namu, sunan na wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maƙwabtanmu sun koyi darasin kafin mu. A 2013 Kamaru ta yi wa masoron Penja da farar zumar Oku rajista a ƙarƙashin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka waɗanda yawancinsu ke amfani da Faransanci, kuma farashin masoron ya ninka a hannun manoma. Jamhuriyar Nijar ta bi sahu, ta yi wa albasar Galmi da kilishinta rajista. Kilishi, abincin da Bahaushen Kano da na Maraɗi suka yi tarayya a kansa, yau yana da takardar shaida a tsallaken iyaka, a wannan ɓangaren kuwa babu. Ba na ganin laifin Nijar ko kaɗan. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Nijeriya ba ta cikin OAPI, kuma dokar alamomin kasuwanci da muke tinƙaho da ita ta 1965 ce, an rubuta ta ne da kamfani a zuciya, ba da ƙauye ba.

Laifi na biyu namu ne, mu 'yan boko. Mun tashi da kunun da aka sa wa mazarƙwaila, da muka samu albashi sai muka ce ƙazanta ce. Sa'an nan likita ya ce mu rage farin sukari, sai mu shiga babban kanti mu sayi jan sukari na cikin kwali da tsada, wanda sau da yawa farin sukari ne aka mayar masa da ɗan baƙin ruwan rake don ya yi launi. Abin da muke gudu a Maƙarfi shi muke saye a Abuja, illa dai an sa masa riga.

Sai dai zancen ƙazanta ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, kuma wanda ke son sana'ar shi ya fi cancanta ya faɗa. Akwai murhun da ƙuda ya fi ma'aikata yawa. Akwai mai shanya kwanuka a ƙasa inda iskar hunturu ke zuba ƙura, akwai mai zuba kaya a buhun da aka taɓa sa taki, akwai injin da mansa ke ɗiga kusa da inda ruwan rake ke bi. Akwai kuma 'yan talla masu cewa mazarƙwaila magani ce, har mai ciwon sukari ya sha ba komai. Wannan ƙarya ce mai iya kisa. Tana ɗauke da ɗan ƙarfen jini da wasu ma'adinai da tacewa ke cirewa daga farin sukari, amma mafi yawanta sukari ne, kuma jinin mai ciwo ba ya bambance su. Suna mai kariya ba zai yiwu a kan irin wannan hali ba, domin suna alkawari ne, kuma mutum ɗaya mai algus yana iya zubar da mutuncin gari guda. Manoman Châteauneuf sun fara ne da ɗaure kansu kafin su nemi a ɗaure wasu. Gyaran da ake bukata kuma ba na miliyoyi ba ne: daɓen siminti, da rumfa mai raga, da matacin ƙarfe marar tsatsa, da leda ko kwali mai tsabta. Cibiyar binciken hatsi ta Badeggi ta daɗe tana aiki a kan rake da ƙananan injinan sarrafa shi, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru kuma tafiyar sa'a guda ce daga Maƙarfi. Ilimin yana kusa, hanyar da zai bi ya isa bakin murhu ce ba a share ba.

Kada kuma a ɗauka Faransa aljanna ce ga ƙaramin manomi. A Shamfen manoma ne ke da mafi yawan gonaki, amma manyan gidajen kasuwanci ne ke sayar da mafi yawan kwalabe a ƙetare. Wasu ƙananan masu sana'a sun fice daga tsarin sunayen da kansu, suna cewa kwamitocin sun koma hannun masu ƙarfi, suna hukunta duk wanda kayansa ya bambanta. Shan giya yana raguwa a ƙasar, har a 2023 gwamnati ta ware Yuro miliyan 200 don a mayar da rarar da ta yi kwantai ta zama sinadarin masana'antu, a Bordo kuma ana biyan manoma su tumɓuke gonaki. Suna ba ya ƙirƙiro mai saye idan babu shi. A wannan fuska ma mun fi su sa'a, domin kasuwar mazarƙwaila tana nan daga Zariya har Agadas, ga azumi, ga biki, ga jego. Amma gargaɗin farko shi ne ya fi tsorata ni. Na san ƙasata. Ranar da aka ce za a yi wa mazarƙwailar Maƙarfi rajista, za a ga ƙungiya ta tsiro a Kaduna cikin dare, shugabanta bai taɓa riƙe ludayi ba, ma'ajinta dillali ne, a buga tambari, a yi taro a otal, a raba takardun shaida ga masu iya biya. Idan haka za a yi, gara a bar ta marar suna.

Saboda haka wurin farawa bakin murhu ne. Masu dahuwa na Ɗandamisa da Gimi da Gazara da Gubuci, da takwarorinsu na Kudan da Ikara, sun san junansu, sun san wanda kayansa ke da kyau da wanda ke ha'inci. Suna da sarakunan sana'a da masu unguwanni da limamai waɗanda maganarsu ke da nauyi. Su ne za su zauna su faɗi abin da ya sa mazarƙwaila ta cancanci sunan yankin: raken fadamun nan kaɗai, a matse shi cikin kwana ɗaya da sara, ba farin sukari, ba sinadarin ƙara haske, nauyin kowane curi sananne. Wanda bai da murhu ba shi da ƙuri'a. Alamar kanta ba ta bukatar injin buga takarda, domin mazarƙwaila tana ɗaukar siffar abin da aka zuba ta a ciki. Maƙeri zai iya tona sunan gari da lambar murhu a gindin kwano, kowane curi ya fito da shaidarsa a jikinsa. Dokar 1965, duk da tsufanta, ta tanadi alamar shaidar inganci wadda za a iya yi wa rajista, kuma ana iya fakewa a nan kafin Majalisar Tarayya ta ga damar yin dokar sunayen wurare. Abin da ake nema daga ƙaramar hukuma da jiha kaɗan ne: lauyan da zai rubuta takardun, da jami'in lafiya da zai duba murhu ba tare da ya miƙa hannu ba, da ɗakin ajiya.

Ɗakin ajiyar nan ya fi yadda ake zato muhimmanci. Mazarƙwaila tana jan danshi daga iska, da damina ta faɗi sai ta fara gumi tana narkewa. Mai dahuwa ya san haka, mai saye ma ya san ya sani. Don haka ake tilasta masa sayarwa a tsakiyar rani, lokacin da kowane murhu ke ci kasuwa ta cika, sau da yawa ma ga mutumin da ya ba shi kafin alƙalami tun raken yana tsaye, ya yanke farashin tun a lokacin. Wanda ke da busasshen sito a birni shi ke riƙe kayan har su yi tsada. Ɗaki ɗaya mai rufin kirki da katakon ɗora buhu a kowace gunduma, a hannun masu murhun kansu, zai ba su ikon cewa ba za su sayar yau ba, sai wata mai zuwa.